Amsoshin Tambayoyinku: Garin da ke kwanciya a gindin kwalba

Mai gabatarwa: Jama'a lokaci na hararar mu. Wani bawan Allah daga Gusau yana tambaya ko launin ƙwaya ne ke nuna ƙarfinta. A'a Malam, launi don a bambance su ne.

Sai tambayar da ta zo mana daga mutane da dama, daga Zariya har Maraɗi: me ke sa maganin ruwa na yara ya kwanta a gindin kwalba, lalacewa ya yi? Wata uwa ma ta ce na saman take tsiyayewa ta ba yaro. Haba Hajiya! Ga masanin harhaɗa magunguna tare da mu. Malam, bismillah.

Masani: To, bai lalace ba. Gari ne wanda ba ya narkewa a ruwa, in an ajiye shi sai ya kwanta kamar ƙullun koko. Mai tsaki-tsaki ya fi saurin kwanciya, shi ya sa ake auna laushin garin tun a masana'anta. Da maikuron ake awon, wato a kasa milimita ɗaya gida 1000. Kaurin gashin mutum kan kai wajen maikuron 70. Tsohuwar hanya ita ce a jera rariyoyi, mai manyan ƙofofi a sama, a girgiza, a auna nauyin abin da ya tsaya a kowace. Wanda ya yi laushi ƙwarai kuwa hasken leza ake haska masa. Ƙananan ƙwayoyin garin su watsa hasken da faɗi, manya su watsa shi a matse, kwamfuta ta yi lissafi. Kai, ko maganin asma na shaƙa, sai ƙwayar garinsa tana tsakanin maikuron 1 zuwa 5 take isa cikin huhu, in ta fi haka a maƙogwaro take maƙalewa. Griseofulvin ma, na makero, da gangan ake niƙa shi lilis don hanji ya...

Mai gabatarwa: Malam, ka kai mu huhu, Hajiya kuwa tana riƙe da kwalba. Ta girgiza ko kada ta girgiza?

Masani: Ta girgiza sosai! Na saman nan yawanci ruwa ne da zaƙi. Yau yaro ya sha abin da bai kai ba, ranar ƙarshe kuma ya sha fiye da kima.

Mai gabatarwa: Kun dai ji, iyaye mata. A girgiza kwalba duk lokacin da za a ba yaro, a girgiza har gindinta ya fita tas. Ni a ganina ma masu sayarwa ya kamata su riƙa faɗa da baki, ba kowa ke karanta takardar ba.

Mai tambaya kan daka ƙwaya a dama wa yaro: tambayi likita tukuna, akwai waɗanda aka yi su don su narke sannu a hankali, dakawa ɓata su take yi.