Daga Tashe Zuwa Talabijin: Laccar da Aka Yi wa Matasan 'Yan Wasa a Gombe

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓa a kan yaron da ya fara wasan kwaikwayo tun yana ƙarami har ya girma a cikinsa. Uku na ce, in na zarce ku ja mini riga.

Na farko, mafari. Mu nan a tashe muke farawa. Azumi ya kai goma, an sha ruwa, sai yara su fito, wannan ya manna gemun auduga ya duƙa da sanda, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi. Ni kaina na yi tsoho da gemu a Jekadafari, gemun ya faɗi a tsakar gidan mutane, mata suka sa shewa. Na sunkuya na ɗauka ina kukan tsufa ya fara cin gemuna, dariya ta ƙaru, aka ƙara mana gero. A tashe ba mai cewa a sake. Ba mai cewa a sake! In ba ka ba da dariya ba, ku fita da ƙwarya wayam.

Kyamara kuwa lallaɓa yaro take yi. A ce masa faɗi kaza, ya faɗa, a yanke. Ya yi kuskure sau goma, mai tace hoto ya zaɓi guda. Sai yaro ya ɗauka shi gwani ne, alhali ƙuruciyarsa ake saye, kumatun nan da 'yar siririyar murya. To ranar da ya kai 13 ko 14, murya ta yi kauri, gashin baki ya fara leƙowa fa? Ya wuce fitowa a ɗan autan Alhaji, bai kai saurayi ba. Furodusa ya daina kira. Kai mai jar hula, dariya kake yi, ashe ka sani. A wannan tsakanin dandamali ne ke riƙe yaro: ya haddace wasa daga farko har ƙarshe, ya jefa murya ta kai bencin baya ba lasifika.

Na biyu, ko na uku ne? Talabijin dai. Su marigayi Samanja sun daɗe suna yi a NTA Kaduna, Arewa24 kuma ta zo a 2014 da wasanni masu dogon zango, inda yaro kan girma tare da rawar da aka ba shi. Sai karatu, kada a bari. Wannan kun sani.

Na'am Hajiya? Tana tambaya wa ke riƙe kuɗin yaron. Kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. A Amurka akwai Jackie Coogan, wanda ya fito a fim tare da ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a 1921 yana ɗan yaro, ya tara dukiya. Da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye, ya maka su kotu a 1938. Shekara ta zagayo Kaliforniya ta yi doka da sunansa, yau kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro ake kulle masa a asusu sai ya girma. Shi kuwa bai sake yin suna sosai ba sai 1964, a talabijin, yana dab da shekara 50, da kai tal kwabo.

Naki yaron, Hajiya, da sunan wa aka buɗe asusun? Na kawunsa? Tabɗi. Ki jira ni a bakin ƙofa in an tashi.