Cunkoso da ƙwaƙwalwa: daga tashar jirgi a Paris zuwa kasuwar Maradi

Salamu alaikum mutanen Maradi. Nan tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord ce a Paris, ƙarfe shida na yamma, an tashi daga aiki. Ku dubi fuskoki: kowa ya ɗaure, kafaɗa a ɗage, ido a kan waya.

Ba rashin tarbiyya ba ne. Idan wanda ba ka sani ba ya matso ka ƙasa da rabin mita, jiki yakan shiga shirin kare kai: ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce. Ita kuwa ƙwaƙwalwa abu kamar huɗu take riƙewa a lokaci guda. Kauce wa kabu-kabu ya ci ɗaya, tsaron aljihu ya ci ɗaya, me ya rage wa lissafi? Shi ya sa ranar Juma'a a babbar kasuwa za ka ga tsohon ɗan kasuwa ya ƙirga jika goma sau uku. Malam, ja baya cikin rumfa, juya wa hanya baya, sannan ka ƙirga.

Amma ni ba kasuwa ce ke damuna ba, can akwai sararin sama, kuma in ka gaji ka ratse. Abin da ke ƙara tsananta damuwa shi ne jin ba ka da mafita. Ku tuna ajin lakwal cike maƙil a watan Afrilu, kwano ya ɗau zafi, tagogi a rufe saboda ƙura. Iskar da muke fitarwa, kabon dayoksaid, a waje kusan 420 ce cikin miliyan. A irin wannan ɗaki tana iya haura 2000. Sai hamma da ciwon kai, malam ya ce yara malalata ne. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, don guda ɗaya ba ta jan iska sosai. Lissafi a yi shi da sassafe. Surutun da ke kewaye kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce desibel 35 a aji (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

In taro ya kai mutum biyar ko shida a murabba'in mita ɗaya, magana ta wuce ta damuwa, ta koma ta rai. Ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya samu wuri, bi tafiyar jama'a kana karkata gefe, kuma ko takalmi ya faɗi kar ka duƙa.

Ga jirgin nan ya iso, amma ya cika. Bari in jira na bayansa.