Tsohon turmi ya koma teburin falo, dutsen guga ya koma kaskon turare

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau a tsakar gida muke, don aikin akwai ƙura. Kun ga turmin nan? Na kakata ne, a bayan rumbu na tsinto shi a ƙauye, gindinsa ya tsage, rabon da a yi daka a cikinsa tun ban yi aure ba. Icen ƙirya ne, shi ya sa har yau da nauyinsa. Ranar da na shigo da shi Hajiya ta ce, "Ke kuma turmi a falo? Sai ka ce gidan tarihi na Makama." Yanzu ita ke ɗora carbinta a kai.

Wanki dai kun san shi, soso da sabulu, a shanya a inuwa. Abin da nake so ku nutsu a kansa shi ne ƙwaro. Auta, matso da wayar nan kusa. Kun ga ƙananan hujin nan kamar na allura? To akwai mai gida a ciki. Turmin farko da na gyara ban kula ba, na kai shi falo ina ta murna, bayan mako biyu sai ga gari mai laushi a kan kafet, kamar an tankaɗe gero. Kafin in ankara ƙwarin sun shiga ƙafar kujerata. Saboda haka a samu sirinji, a zuƙo kananzir, a bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya. Kar a yi ganda, har na cikin tsagar. Sai a naɗe shi cikin baƙar leda, a ɗaure bakin tam, a bar shi a rana kwana huɗu. A'a, tsaya, ku ba shi mako guda, musamman in ba lokacin bazara ba ne. Idan kun kwance, ku ɗora shi a kan farar takarda ya kwana biyu. In kun ga gari ko kaɗan ne, a sake daga farko. Da damina kuwa kar ma ku soma.

Wannan turmin na riga na gama masa duk wannan, sai gogewa da samfefa. Lamba 120 nake sawa, in bi da 220 wadda ta fi laushi, a jiki kawai. Bakin nan da tabarya ta cinye ya yi santsi, kar ku taɓa shi, ai shi ne kyan abin. Tsagar ma ni ba na cike ta. Wasu suna shafa fenti mai sheƙi, ni dai raina ba ya so, sai ya koma kamar na roba. Man kaɗe nake narkarwa in murza da tsumma. Ban da man gyaɗa, yana yin ɗoyi daga baya, ga kiran kiyashi.

Sai a kifa babban faifai a bakinsa, shi ke nan tebur ya samu. In za a ɗora kofin shayi, a sa mai gilashi ya yanko zagaye daidai bakin.  Mutanen Kano kuma ku leƙa kasuwar Kurmi, za ku samu faifan, har da akushi da ludayin duma.

Miƙo min dutsen gugan, Auta. Na gawayi ne, mai zakara a ka, wato makullin murfinsa. Na cire mariƙin katakon, na jiƙa ƙarfen cikin ruwan khal, wato binega, ya kwana, na goge tsatsar da buroshin ƙarfe. Da zarar an ɗauraye a busar da shi nan take, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja. Sai ɗan mai a jikinsa na waje.

Ga garwashi biyu, ga turaren wutana na Maiduguri. A rufe, a sa zakaran ya kama. Kun ga hayaƙin yana fita ta hujin gefe? Au, kar ku ɗora shi a kan faifan kai tsaye yadda na kusa yi yanzu, gindinsa zafi yake yi, don guga aka ƙera shi. A sa fasasshen tayil ko ƙaramin farantin ƙasa a ƙarƙashi. Auta, ɗauko min tayil ɗin can na bakin rariya.