Crontab: harafi ɗaya ya isa ya share maka jadawali duka

Duk mai kula da kwamfuta mai Linux ya san akwai ayyukan da ba zai zauna yana gadinsu ba, kamar ajiye kwafin bayanai da tsakar dare ko share tsofaffin fayiloli ranar Lahadi. Cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka da kanta a lokacin da aka tsara, ke ɗaukar wannan nauyi. Tun shekarun 1970 yake cikin Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, kuma wanda yawancin Linux suka gada shi ne wanda Paul Vixie ya fitar a 1987. Kai kuwa ta umarnin crontab za ka yi masa magana, kuma harafin da ka liƙa masa a gaba ke nuna abin da kake so.

Dubi allo. crontab -l zai nuna maka jadawalinka kawai, ba ya taɓa komai. crontab -e kuma zai buɗe shi domin gyara. Ga misalin layi: 30 2 * * * sannan sunan aikin. Ma'anarsa kullum da ƙarfe biyu da rabi na dare. Idan ya jefa ka cikin vi, wata manhajar gyaran rubutu, ka rasa hanyar fita, rubuta EDITOR=nano kafin umarnin domin ya buɗe da nano mai sauƙi, ka huta.

To, ga inda ake kuka. crontab -r yana share jadawalin ne gaba ɗaya, nan take, ba tambaya, ba kwandon shara da za ka je ka tono. Yanzu kalli allon rubutunka: E da R maƙwabtan juna ne. Yatsa ya ɗan zame, ayyukan da aka yi shekaru ana tarawa sun tafi, kuma shiru za ka ji, sai ranar da aka nemi kwafin bayanai aka tarar babu.

Maganin yana da sauƙi. A Debian da Ubuntu da Fedora akwai -i. Ka rubuta crontab -i -r, zai tambaye ka tukuna kafin ya share. Ni dai na fi yarda da ajiye kwafi: crontab -l > ajiya.txt kafin kowane gyara. In an samu matsala, crontab ajiya.txt zai mayar da komai. Amma a kula, wannan umarnin ba ƙari yake yi ba, maye gurbin abin da ke ciki yake yi baki ɗaya.

Saura -u, na shiga jadawalin wani, misali sudo crontab -u www-data -l, wanda zai nuna jadawalin asusun www-data. Sai mai izinin root, wato babban asusun da ke da cikakken iko a kwamfutar, wanda sudo ke ara maka ikonsa. Kuma idan ka rubuta sudo crontab -e ba tare da -u ba, jadawalin root ka buɗe, ba naka ba, duk abin da ka sa a ciki da cikakken iko zai gudana. Don haka idan ka duba da -l ba ka ga aikinka ba, leƙa na root kafin ka sake rubuta shi, kar ya riƙa gudana sau biyu.