Gindin Jirgi da Allon Hawan Igiyar Teku: Laccar da Aka Gabatar a Yauri

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena masassaƙa, sarakunan ruwa, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Na san wasu sun yi mamaki da suka ji cewa zan yi magana kan allon da ake hawan igiyar teku da shi, alhali mu nan kogi muka sani. Ku ba ni aron hankalinku. Allon nan ba shi da inji, ba shi da filafili. Mutum ne tsaye a kansa, igiyar ruwa tana tura shi. Don haka gudunsa da juyinsa sun rataya ƙwarai a kan yadda aka sassaƙa gindinsa, wato ɓangaren da ke shafar ruwa, wanda mai kallo ba ya gani. Wasan ya shahara ne daga tsibiran Hawai, ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, kuma ko a Tarkwa Bay ta Legas yara suna yinsa.

Hanya biyu ce abu ke tafiya a ruwa. Ku tuna masunci a Matan Fada ta Argungu, kwance kan goransa, riƙe da homa. Goran yana zaune cikin ruwa, yana ture shi gefe da gefe, ba ya gaggawa. Sannan ku tuna yaro ya wurga tsingaro a kan kogi, ya yi ta tsalle a saman ruwa. Gudu ne ke riƙe da tsingaron, da ya rage gudu sai ya nitse. Allon zamani ɗan gidan tsingaro ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke a Kalifoniya, Bob Simmons, ya ɗauko binciken da aka yi kan ƙananan jirage masu tsananin gudu ya sa shi cikin sassaƙar allo. Daga jirgi ilimin ya fita, yau mun dawo da shi gida.

Gindi shimfiɗaɗɗe kamar faranti ya fi saurin hawa saman ruwa idan ruwan a kwance yake. Amma da iska ta taso sai ya riƙa marin ruwa, fat, fat, har mai hawa ya ji a gwiwa. Mai tumbi kuwa, wanda ya kumbura a tsakiya, lumewa yake cikin ruwa. Ba shi da gudu sosai, amma yana ratsa ruwa mai hargitsi cikin laushi.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai kwarmi. Ana rarake tsakiyar gindin kaɗan, milimita 'yan kaɗan kawai, in ba ka ɗora sanda miƙaƙƙiya a kai ba, ba za ka lura ba. Amma ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, ɗan abin nan ba ƙarami ba ne a wurinsa. Kwarmin yana tattara ruwan da zai fantsama gefe, ya bi da shi zuwa wutsiya, allon ya ɗago, gefensa ya kama jikin igiyar kamar farce. Sai dai kamun nan kan yi yawa, allon ya nace wa hanya ɗaya, ya yi taurin kai wajen karkata. Shi ya sa masu sassaƙa kan raba kwarmin biyu kusa da wutsiya, da ɗan tudu a tsakani kamar kunya tsakanin kwari biyu a gona. Akwai kuma gindi mai ƙirjin kaza, wanda Bob McTavish na Ostareliya ya yi suna da shi a 1967. Wannan yana mirginawa daga gefe zuwa gefe cikin sauƙi, amma yana cin gudu.

Sai lanƙwasa daga hanci zuwa wutsiya, kamar ayaba. Ta yi yawa, juyi ya yi daɗi, gudu ya ragu. Ta yi kaɗan, a samu gudu, amma hanci ya soki ruwa.

Ina yaro na taɓa tsayawa kan wani dattijo a bakin kogin nan, ya kife kwale-kwale yana gyara. Ya ajiye gizago, ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya kwarara a kan gindin, ya tsugunna yana kallon inda ruwan ya bi da inda ya tsaya. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya ce mini, "Yaro, nan ne zai ja ni hagu." Ya ƙara sara biyu. Har yau ban ga darasin da ya shige ni kamar wannan ba.

To iyayena, ga abin da ya kawo ni. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan da ke ƙasa da mu ya zama tabki mai faɗi, iska tana samun filin tara igiya, ga kututture a ƙarƙashi. Sannan muka ɗaura inji a bayan jiragen da aka tsara gindinsu don filafili. Jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi yana ɗaukar buhuna da yawa, yana shiga ruwa marar zurfi, amma marin igiya a kan gudu yana sassauta ƙusa da haɗin katako a hankali. Kwale-kwalen gungume mai tumbi yana rawa idan ka taka, amma yana bin igiya. Kuma kowane gindi, da lodi ya danne shi, halinsa ya canza. Ba mu manta da jirgin da ya nitse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yawan lodi aka fi ambata a lokacin.

Ku ɗalibai, gobe da safe ku ɗauki zare da awo ku sauka bakin ruwa. Ku gaishe da masu jirgi, ku nemi izini, ku auna lanƙwasar jirage biyar, ku tambayi kowane matuƙi yadda nasa yake yi idan hadari ya taso. Ku rubuta da kalmominsu, kada ku gyara musu.

Baba, na ga ka ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa abin magana.