Tafiyar yaranmu Val Thorens da halin da asusun ƙungiya yake ciki

Iyayenmu da 'yan'uwa, zan fara da maganar ɗan ɗan'uwanmu da ke kwance, domin ita ce ta tsaya mini a rai. Yaron ya faɗi yana wasan ski, wato zamiya a kan ƙanƙara, a wani dutse a yankin Savoie, ƙashin ƙafarsa ya karye, masu ceto suka lulluɓe shi, suka ɗaure shi a gadon da ake ja a kan ƙanƙara suka sauko da shi. Alhamdu lillahi an yi masa aiki, yana samun sauƙi. Amma takardar kuɗin ceto ta iso gidan mahaifinsa, domin a Faransa ƙaramar hukuma tana da ikon karɓar kuɗin ceton da aka yi a filin ski, katin Vitale kuwa, wato katin inshorar lafiya na ƙasar, ba ya biyan wannan. Saukowa da mutum kawai yakan ci ɗaruruwan Yuro, balle a ce an kira jirgi mai saukar ungulu.

Mahaifin nasa, bawan Allah, ya zo wurinmu da kunya a fuskarsa, muka duba asusu, abin da ke ciki bai kai rabin abin da ake nema ba. A Maraɗi ko Damagaram, kafin mai ɗori ya gama ɗaure ƙafa maƙwabta sun cika zaure, kowa da abin da ya riƙo. A nan Lyon wa yake da shi in ba mu ba? To don Allah, me ya hana mu biyan kuɗin wata-wata?



Tafiyar hutun Fabrairu tana nan, kuma wallahi ina alfahari da ita. Val Thorens, filin ski ɗin da yaran za su je, yana kan tsayin mita 2,300, cikin yankin Les 3 Vallées mai hanyoyin ski na kilomita 600, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasar nan suna da haƙƙin hawa can kamar abokan karatunsu, mu da muka taso da sanyin hunturu kaɗai mu tsaya a ƙasa muna yi musu addu'a. Sai dai kwamiti ya yanke cewa babu yaron da zai shiga mota sai da hular kwano da inshora. Ana sayar da inshorar ski mai suna Carré Neige tare da tikitin hawa, kuɗinta na yini bai kai Yuro 5 ba, kuma da an saya wa yaron nan ita, da mahaifinsa bai shiga wannan hali ba.

Ina roƙonku da girman Allah, kada mu bar shi ya ci bashi muna kallo. Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi. Wanda ake binsa ya biya yau, wanda ya biya ya ƙara abin da ya sawwaƙa, domin so muke mu kai masa kuɗin kafin Juma'a.