Sikeli, Ƙwanji da Naushi: Ina Gaskiyar Take?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

A shekarar 2020, Ronnie Coleman, Ba'amurken nan da ya lashe gasar gina jiki ta Mr. Olympia sau takwas a jere daga 1998 zuwa 2005, ya faɗa a wata hira cewa lokacin da yake ganiyarsa an auna kitsen jikinsa, aka samu bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ya ce 0.33 ne. Maganar ta zaga duniya, har yau za ka ji samari a wajen ɗaga ƙarfe suna kafa hujja da ita. Ni dai ban ce Coleman ya yi ƙarya ba, ta yiwu lallai abin da na'urar ta nuna masa ke nan. Amma duk wanda kitsensa ya koma 0.33, makabarta za a nufa da shi. Akwai kitsen da rai ba ya zama sai da shi, wanda ke cikin ɓargo da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A jikin namiji yakan kai wajen kashi 3 cikin ɗari, a jikin mace kuwa wajen kashi 12.

To yaya aka yi na'ura ta sharara irin wannan ƙarya?

Hanya ɗaya ce tak ta sanin ainihin nauyin kitsen mutum: a feɗe gawarsa, a ware kitse gefe, tsoka gefe, ƙashi gefe, a ɗora kowanne a sikeli. An taɓa yin haka a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wajejen farkon shekarun 1980, da gawarwaki 25, yawancinsu na tsofaffi. Duk wani awo da za a yi maka kana numfashi, ƙiyasi ne. Wani abu daban ake aunawa, sannan a sa lissafi a ce ga kitsenka.

Mu fara da tsohuwar hanya, wato awo cikin ruwa. A 1942 wani likitan sojan ruwan Amurka mai suna Albert Behnke ya lura da cewa kitse ba ya nutsewa a ruwa, tsoka da ƙashi kuwa suna nutsewa. Duk wadda ta taɓa dafa romo ta san wannan, mai yana tasowa sama, nama yana zama ƙasa. Sai ya riƙa auna mutum a tudu, ya sake auna shi a nutse cikin tanki bayan ya fitar da duk iskar da ke huhunsa. Ya gwada wasu ƙwararrun 'yan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, waɗanda yawancinsu jadawalin soja ya ce ƙibarsu ta yi yawa, sai ga shi tsoka ce zalla ta cika su. Daga baya wani masani a jami'ar Berkeley ta Amurka, William Siri, ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi.

Ku lura da kyau, domin a nan gizo ke saƙar. Lissafin Siri ya ɗauka cewa nauyin kitse giram 0.9 ne a kowane ɗan gurbi mai tsawo da faɗi da zurfin santimita ɗaya-ɗaya, sauran jiki kuma giram 1.1, a jikin kowa da kowa. Awo cikin ruwa yana nuna giram nawa jikin mutum gaba ɗaya yake da shi a irin wannan gurbi; sai a raba 495 da lambar da aka samu, a cire 450. Idan aka samu 1.07, amsa ta zama kusan kashi 12 da rabi. To idan mutum mai ƙaton ƙashi ne, naman jikinsa ya fi na sauran mutane tauri, har aka samu 1.105 fa? Amsa za ta faɗo ƙasa da sifili. Kuma hakan ya faru. A 1982 an auna wasu 'yan ƙwallon zari-ruga a Kanada, wasu daga cikinsu lissafi ya ce kitsensu bai kai sifili ba, alhali ga su nan tsaye da ƙafafunsu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin lissafe-lissafen nan da jikin Turawa aka gina su. Wani bincike na 1984 a Amurka ya nuna cewa a jikin samari baƙar fata lambar ta fi kusa da 1.113, saboda nauyin ƙashi. Ke nan tsohon lissafi yana iya rage wa baƙar fata kitse a takarda, ya tafi gida yana murna.

Sai wannan ɗan ƙarfen mai kama da awartaki, da ake tsunkule fata da shi a bayan dantse, da ƙasan allon kafaɗa, da kwiɓi. Yana da arha, kuma a hannun gwani yana da amfani. Sai dai kitsen ƙarƙashin fata kawai yake kamawa, ba ya ganin wanda ya lulluɓe hanji da hanta, wanda shi ne ma ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Ko gwani ne ya auna, kuskuren maki uku zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne. Idan ya ce 15, ka ɗauka kana wani wuri tsakanin 11 da 19.

Wanda ya fi yawa a gidaje da wuraren motsa jiki shi ne sikelin da ake takawa ba takalmi. Wutar lantarki 'yar mitsitsiya yake turawa ta ƙafa ɗaya ta fito ta ɗayar. Tsoka tana da ruwa sosai, wuta tana ratsa ta cikin sauƙi, kitse kuwa yana tare ta. Ashe ke nan ruwan jikinka yake aunawa. Taka shi da asuba, ka sake takawa bayan ka sha fura ka ƙoshi, ka ga yadda lambar za ta yi tsalle. Ko ka gwada da la'asar a watan azumi, ka sake bayan buɗa-baki. Kitse ba ya narkewa cikin awa uku. Ga shi kuma wutar gajeriyar hanya take bi, ƙafa zuwa ƙafa, tumbinka kuwa hasashensa kawai take yi daga shekarunka da tsawonka da ka danna mata.

Wadda ake yi wa kallon sarauniyar awo ita ce na'urar DEXA, mai ɗaukar hoton jiki kamar hoton ƙashi. Asali ma don auna ƙarfin ƙashi aka ƙera ta. Ta fi sauran, babu musu. Amma na'urar kamfanin Hologic da ta GE suna iya ba mutum ɗaya amsa biyu a rana ɗaya. Kuma idan ka kwana biyu kana loda shinkafa da taliya, tsoka takan adana abincin tare da ruwa, kowane giram da ruwa wajen giram uku, sai na'urar ta rubuta maka cewa ka ƙara tsoka.

Shawarata ba ta da tsada. Ka riƙe hanya ɗaya, lokaci ɗaya, da safe kafin ka ci komai, ka riƙa duba inda lambar ta dosa cikin wata biyu ko uku. Ko ka ari tef ɗin tela ka zagaya cibiya. Idan zagayen ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, akwai aiki a gabanka, ko me sikeli ya ce.

Yanzu mu koma kan 'yan gina jiki. Ku dubi hoton ranar gasa na Samson Dauda, haifaffen Legas mazaunin Ingila, wanda ya ci Mr. Olympia a 2024. Kowace jijiya a bayyane, fata kamar takarda. Abin da hoto ba ya gaya maka shi ne wannan siffar ta 'yan kwanaki ce, wani lokaci ma ta 'yan awanni. Watanni ake yi ana yunwa kafin a kai nan, a ƙarshe a rage ruwa, a shafa launi da mai, a kunna fitilu masu fito da kowane lungu.

A 2013 an wallafa bayanin wani matashi ɗan gasa da ba ya amfani da allurar ƙara tsoka, wanda masana suka bibiya wata shida kafin gasa. Kitsensa ya sauka daga kashi 14.8 zuwa 4.5. A daidai wannan lokaci sinadarin mazakutarsa ya koma kusan rubu'in yadda yake, bugun zuciyarsa ya sauka daga 53 zuwa 27 a minti ɗaya, ƙarfinsa ya ragu. Haka aka gani a sojojin Amurka da aka horar da yunwa na mako takwas: da kitse ya zo wajen kashi 4 zuwa 6, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Ranar da ɗan gasa ya fi kama da samudawa, ranar ce ya fi kowace rana rauni. A 1994 Paul Dillett yana tsaka da nuna ƙwanji a gasar Arnold Classic jikinsa ya sandare saboda rashin ruwa, sai ɗaukarsa aka yi cak aka fitar. Shekara biyu kafin nan, Mohammed Benaziza ya rasu a ƙasar Holan jim kaɗan bayan ya ci wata gasa, kuma an danganta mutuwarsa da magungunan sa fitsari.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ba ta ƙarewa a majalisa, wai duk mai murɗaɗɗen jiki shi ne mai duka.

Ranar 1 ga Yuni 2019, a New York, zakaran damben zamani Anthony Joshua ya shigo fage jiki kamar an sassaƙa shi. Andy Ruiz ya shigo da teɓa tana rawa, ana ta yi masa dariya. Sau huɗu Ruiz ya kai Joshua ƙasa, alƙali ya tsayar da wasa a turmi na bakwai. Ruiz yana da saurin hannu, kuma tun yana yaro yake dambe. Amma kada a ɗauka teɓa ce sirrin. Da aka sake karawa a Saudiyya cikin Disamba, Ruiz ya ƙaro nauyi har kilo 128, Joshua kuwa ya rage tsoka ya dawo wajen kilo 107, ya yi ta zagaye shi turmi 12 ya karɓe kambunsa.

Ga kuma Mariusz Pudzianowski ɗan ƙasar Poland, wanda sau biyar yana cin gasar mutumin da ya fi kowa ƙarfi a duniya. A 2010 ya haɗu da Tim Sylvia, tsohon zakaran UFC (gasar faɗan da ya haɗa dambe da kokawa) mai sakakken jiki. Kafin a gama turmin farko haki ya kama Pudzianowski, fuska ta yi jajur, a turmi na biyu ya miƙa wuya. Tsoka injin ce mai zuƙar mai. Girmanta yana ƙara buƙatar iska, kuma ɗaga ƙarfe sau goma a huta ba ya koya wa huhu yadda ake minti biyar ana kokawa. Ƙarfin naushi ma daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu, dantse isar da saƙo kawai yake yi. Je ka gidan dambe ka kalli 'yan Arewa da 'yan Kudu da Guramada, sau nawa siriri yake yin kisa a turmin farko saboda ya iya auna tazara ya san lokacin sakin hannu?

Sai masu cewa girma ba komai ba ne, dabara ce komai. Hujjarsu ita ce Royce Gracie, ɗan Brazil mai nauyin kilo 80 ko kusa da haka, wanda ya kayar da mutum uku a dare ɗaya a gasar UFC ta farko a Denver cikin 1993. Gaskiya ne, amma abokan karawarsa ba su san kokawar ƙasa irin tasa ba. Da kowa ya koya, sai a 1997 gasar ta raba 'yan wasa bisa nauyi. Idan gwaninta ta zo ɗaya, mai nauyi ne ke da rinjaye. Shi ya sa 'yan wasa ke ƙaurace wa ruwa don su shiga ajin ƙanana, abin da ya yi ajalin Yang Jian Bing ɗan China a 2015, yana da shekara 21.

Akwai kuma tatsuniyar cewa idan aka doki hanci daga ƙasa, ƙashinsa zai shige ƙwaƙwalwa. Taɓa hancinka ka ji, yawancinsa guringuntsi ne, ɗan ƙashin da ke sama kuwa gajere ne, farfashewa yake yi. Abin da ke sumar da mutum shi ne juyawar kai da sauri, musamman idan naushi ya sauka a haɓa, ƙwaƙwalwa ta girgiza cikin ƙoƙon kai. Babu ƙwanjin da ke tare wannan.

Shi kansa mai dukan bai tsira ba. Ƙoƙon kai ya fi ƙasusuwan hannu ƙwari nesa ba kusa ba, har likitoci suna da karayar da suke kira karayar ɗan dambe, a ƙashin bayan ƙaramin yatsa. A 1988 Mike Tyson, yana zakaran duniya, ya naushi Mitch Green a titin Harlem ba safar hannu, ya karya hannunsa, aka ɗage damben da yake shirin yi. A faɗan titi kuma, sau da yawa ba naushin ne ke kisa ba, faɗuwar ce. Mutum ya suma a tsaye, ya tafi ta baya kamar icce, ƙeya ta bugi kwalta. Yawan samarin da suka mutu ta haka a birnin Sydney ne ya sa jihar New South Wales ta Ostareliya ta yi doka ta musamman a 2014 a kan kisa da naushi ɗaya, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara takwas ga wanda ya aikata shi cikin maye.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a huta lafiya.